Alkama da Iyakokin Baba Gudaji

Baba Gudaji ba ya shiga gonar da ake gardama a kanta da takalmi. Idan ya iso bakin gona sai ya tsaya, ya tuɓe takalman robarsa, ya rataye su a sanda, ya saɓa sandar a kafaɗa, sannan ya taka. Ko rana ta take, yashi yana ƙuna kamar an barbaɗa garwashi, haka yake yi. An taɓa tambayarsa dalili. Ya ce ido yana ruɗewa, don abin da yake kallo ba ya zama wuri ɗaya: a sare itace, rijiya ta rufta, hanya ta kauce. Amma tafin ƙafa ya san inda ƙasa ta yi tauri da inda ta yi laushi. Bai ƙara a kan haka ba, dama shi maganarsa ba ta da tsawo.

Ba shi da sarauta, ba shi da albashi. Manomi ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Gagarawa, mai gero da wake da ɗan riɗi. Sai dai ya tashi a hannun kawunsa, wanda a zamaninsa shi ake kira idan iyakar gona ta ɓace, kuma abin da kawun ya sani duk ya juye masa. Shekara arba'in Gudaji yana wannan aiki. Ya san gonar da ta fara daga wace aduwa, da wanda ya sare dajinta, da 'yar da aka yanka wa gefe a rabon gado. Ya san burtali, hanyar da aka bar wa shanu tsakanin gonaki, tun daga yankin Sule Tankarkar har zuwa kusa da Maigatari, lungu da kwana. Babu ko ɗaya a takarda. Dagatai kan aiko da babur a ɗauke shi, Fulani ma haka. Idan ya nuna wuri da sanda, magana ta ƙare.

Aikin yana da ƙa'ida guda da ya gada. Kafin a fita gona, sai ya shiga gidan kowane ɓangare ya ci abin da aka ba shi. Kawunsa ya ce wanda ya ci na ɗaya ya ƙi na ɗaya ya riga ya yanke hukunci tun bai ga gona ba. A da abin ba wuya, fura ce a nan, fura ce a can. Daga baya duniya ta buɗe, mutane suka fara jin kunyar tarar babban baƙo da gero.

A gidansa ma haka abin ya zo, ta hanyar alheri. 'Yarsa Ummulkhair ta zama malamar makaranta a Gumel, ta ce mahaifinta ya sha kunu da tuwo iya sha, lokacin hutu ya yi. Duk ƙarshen wata motar haya kan sauke katan ɗin taliya da fulawa a ƙofar gida. Matarsa Safiyatu ta fara haɗa masa shayi da burodi da safe. Shi da a da alkama sai ranar Sallah ko biki, sai ga ta a kwanonsa kullum. Ya ji daɗin abin kuwa, ba ya ɓoyewa. Yana son alkaki tun yana saurayi.

Abin ya shigo a hankali, har bai iya cewa ga ranar da ya fara ba. Bayan karin kumallo da kamar awa biyu sai cikinsa ya kumbura, jikinsa ya mutu, sannan kan ya biyo baya. Ji yake kamar an jiƙa bargo an ɗora masa a ka. Ana yi masa magana a gabansa, yana jin ta kamar daga cikin rijiya. Sunan mutumin da ya sani shekara talatin sai ya tsaya masa a bakin harshe ya ƙi fitowa. A sallar azahar ya fara rasa ko raka'a ta biyu yake ko ta uku. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce a ransa gigin tsufa ne ya yi sallama, kuma wanda ya haura saba'in ba ya kai ƙarar wannan baƙo. Abin da ya fi tsoro shi ne ranar da za a kira shi gona baƙon yana zaune.

Ranar ta zo a wata bazara, shekara huɗu ke nan. Alhaji Sabi'u, mai motocin dakon riɗi da ke shiga Nijar, ya gaji gona a gefen ta Abdulbaƙi, wani manomi mai iyali da yawa. Alhaji ya sa tarakta ta yi masa huɗa, ita kuwa tarakta ba ta san kunyar iyaka ba, ta shafe ta. Babu mai niyyar cin wani a cikinsu, kowa dai ya rantse a kan abin da ya tuna. A gidan Abdulbaƙi an ba Gudaji fura a ƙoƙo. A gidan Alhaji an shimfiɗa masa darduma, aka kawo funkaso da miyar taushe, da dogon burodin nan da direbobi ke zuwa da shi daga ƙetare, da shayi mai kauri. Ya ci, don ƙa'ida ta ce ya ci. Sai aka zauna jiran dagaci, shi kuma bai iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi.

Da suka isa gonar, itatuwan marke biyu ne tsaye, tsakaninsu kamar taku talatin. Gudaji ya san iyakar tana gindin ɗaya. Ya dubi na gabas, ya dubi na yamma, ya ga duk ɗaya. Ya nemi muryar kawunsa a cikin kansa, bai ji komai ba. Mutum ashirin suna bayansa suna jira. Waɗanda ke wurin sun ce ranar da takalmansa ya shiga gonar, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya tuna masa.

Ya ɗaga sanda ya nuna na gabas.

Da wannan nunin Abdulbaƙi ya rasa kunya ashirin da wani abu, har da ɗan kwarin da ruwa ke kwanciya, inda geronsa ya fi yin kyau. Bai yi gardama ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tunda Baba ya faɗa, shi ke nan." Gudaji ya hau babur ya koma gida da wannan maganar a kunnensa. Bai san ko ya yi kuskure ba. Abin da ya sani shi ne ya yi magana ba tare da ya gani ba, kuma a shekara arba'in bai taɓa yin haka ba.

Zance ya zaga. Wasu suka ce funkaso ya fi fura nauyi a ma'auni. Matan gidan Abdulbaƙi suka ce an zuba wa tsohon wani abu a miya. Masu sauƙin baki suka ce tsufa ne, Allah Ya sa mu gama lafiya. Safiyatu ta ji duka a wurin injin niƙa. Daminar nan Gudaji ya ƙi fita ko'ina. An aiko babur sau uku, yana cewa ƙafa ce ke damunsa.

Da kaka wani arɗo daga wajen Sule Tankarkar ya zo da kansa, ya ce manoma sun matse burtali, idan ba a duba ba kafin shanu su gangaro, za a ji abin da ba a so. Wannan ba kiran da ake ƙi ba ne. Gudaji ya tafi da niyyar kwana biyu, ya yi tara. A ruga babu burodi, babu taliya. Fura da nono da rana, tuwon dawa da yamma. A kwana na biyar ya idar da sallar asuba, yana zaune yana kallon shanu suna miƙewa, sai ya ji sunaye suna zuwa da kansu. Sunan tafkin da ya ƙafe, sunan mutumin da ya dasa kukar da ke kwanar burtalin, har da laƙabin jakinsa. Kamar ɗakin da aka daɗe da rufewa aka buɗe taga, ya ga kayan duk suna nan inda ya bar su. Ya daɗe a kan buzun bai tashi ba. Ya ɗauka iskar daji ce, ko addu'ar wani.

Ya dawo gida yana ba Safiyatu labari tiryan-tiryan, abin da ya kwana biyu bai yi ba. Washegari ta kawo shayi da burodi. Kafin azahar ya tambaye ta sau uku ko an ba rago ruwa.

Safiyatu mai kiwon awaki ce, kuma mai kiwo ya san yadda ake gano abin da ke ɓata cikin dabba: a janye abinci ɗaya, a sa ido. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta rabar da taliyar ga maƙwabta, ta tura buhun fulawa bayan gado. Da safe ta kawo kunun gero ta ce mai burodi bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Har Gudaji ya fara tambaya ko lafiya mutumin yake, ko a je a duba shi. Mako biyu a haka, kansa na washewa kamar sama bayan ruwa. Sannan ta yi abin da ta ce ya fi mata wuya a zaman aurensu: ta kwaɓa fulawa ta yi masa fanke, ta ajiye masa, ta koma bakin murhu tana kallonsa. Ya ci yana sa mata albarka. Ta ga lokacin da idonsa ya fara yin nisa, ta ga ya ɗauki carbi ya riƙe ya manta da ja.

Sai da ya dawo daidai, bayan kwana uku, ta zauna gefen tabarmarsa.

"Malam, ba tsufa ba ne. Alkama ce."

Ta faɗa masa yadda ta yi, tun daga mai burodin da ba abin da ya same shi. Ya juyo ya dube ta.

"Wato akuyarki kika mai da ni."

"Akuya ta fi ka sauƙi, ba ta tambayar lafiyar mai burodi."

Ya yi dariya, irin wadda ba ta fitowa fili. Can kuma ya ce, yanzu duk ƙasar nan da ke cikin kansa, daga nan har bakin iyaka, ashe abin da zai rufe ta bai wuce loma uku ba. Ya faɗe shi ne kamar mai tasbihi.

Ummulkhair ta yi kuka da ta ji, don ita ce mai aikowa. Ta kai shi wurin wani likita a Gumel. Likitan ya saurara, ya ce abin sananne ne, ko da yake ba kowa ke gane shi da wuri ba. Akwai wani danƙo a cikin alkama, wanda ke sa kwaɓi ya yi yauƙi yana miƙewa, kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓarsa. Wasu ciki yake taɓa musu, wasu har da kai. Ya ce akwai gwajin da zai tabbatar, a Kano, sai dai dole ya koma cin alkama na wasu makonni kafin a ɗebi jinin. Gudaji ya yi godiya, ya ce makonnin da suka rage masa a duniya bai san yawansu ba, kuma yana da inda zai kai su. Likitan bai matsa ba. Ya rubuta wa Ummulkhair abubuwan da za a kiyaye, ya ce a dawo da shi idan wani abu ya sauya.

Inda zai kai su ɗin, ya riga ya sani. Tun a ruga gonar nan ta dawo masa, sarai kamar yana tsaye a cikinta. Marken yamma ne, ba na gabas ba. Ya ga kawunsa durƙushe a gindinsa, shekarar da aka yi fara, yana binne rabin dutsen niƙa da gawayi a ƙarƙashi, kakan Abdulbaƙi na riƙe da fartanya.

Ya je wurin dagaci ya ce yana so a sake fita. Dagacin ya sallami mutanen da ke zaure, ya rage murya. Ya ce masa ya yi tunani. Duk iyakokin ƙasar nan a kan bakinsa suke tsaye. Ranar da ya ce ya yi kuskure sau ɗaya, duk wanda hukunci bai yi wa daɗi ba a shekara arba'in zai taso. Abdulbaƙi ya haƙura, a bar kaza cikin gashinta.

"Ranka ya daɗe," in ji Gudaji, "haƙurin da ya yi, don ya yarda da ni ne. Da shi zan kwana a kabari?"

Aka sa rana. Ƙa'idar cin abinci tana nan, kuma ba zai iya tsayawa a ƙofar kowane gida yana bayanin cikinsa ba. Sai ya aika wa ɓangarorin biyu cewa daga yau ba zai ci komai a gidan masu gardama ba sai abin da gonar da ake magana a kai take haifarwa. Mutane suka ɗauka wata hikima ce ta manya, kuma wataƙila haka ne. A ƙasar nan ta yashi babu gonar tudu da ke haifar alkama. Alhaji Sabi'u ya sa aka dama fura, ya miƙa masa da hannunsa, amma bai bar abin ya wuce haka nan ba.

"Baba, bara har suɗe kwanon funkasona ka yi."

"Shi ya dawo da ni, Alhaji."

A gona ya tuɓe takalmi. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya ce bara ya yi magana a lokacin da ba ya gani, laifinsa ne, ba na kowa ba, kuma yana neman gafarar Abdulbaƙi a gabansu. Sannan ya wuce marken gabas ko kallonsa bai yi ba. Ya isa na yamma, ya taka taku huɗu zuwa kudu, ya tsaya, ya murza ƙasa da diddige, ya matsa rabin taku. Ya ce a haƙa nan.

Aka haƙa kamu ɗaya, babu komai sai jan yashi. Wani ya yi gyaran murya. Gudaji na tsaye, hannu biyu a kan sanda. A kamu na biyu fartanya ta yi ƙara. Aka sa hannu aka share, sai ga gefen dutsen niƙa, ya yi santsi inda matan da babu wanda ya san sunansu yanzu suka goge shi. Da aka ɗaga, gawayin yana nan baƙi ƙirin, kamar jiya aka zuba. A wurin babu wanda aka haifa lokacin da aka binne shi sai mutum biyu. Ba a yi kabbara ba, ba a yi hayaniya ba. Alhaji Sabi'u ya durƙusa ya taɓa dutsen, ya daɗe, sannan ya tashi ya miƙa wa Abdulbaƙi hannu. Abin da suka yi game da amfanin daminar da ta wuce, tsakaninsu suka yi shi, ba a ji ba.

Abin da dagaci ya ji tsoro ya zo, amma bai kai yadda ya zata ba. Mutum uku suka taso da tsofaffin maganganu. Gudaji ya bi kowanne zuwa gonarsa, ya sha fura a gida biyu, ya taka. Duk ukun suka tsaya inda suke.

Bargon nan da ke rufe masa kai bai rabu da shi gaba ɗaya ba. Fulawa ta shiga wurare da yawa ba ta sallama. Ɗanwaken yanzu akwai ta a ciki, wasu masu ƙosai ma suna ƙarawa don ya yi auki. Sau da yawa a gidan suna ko ɗaurin aure aka ba shi abu da zuciya ɗaya, ya dawo ya yi kwana uku kansa a rufe. Ya koyi gane zuwansa tun daga nauyin fatar ido. Idan ya ji haka, ko wa ya aiko da babur, sai ya ce a gaishe shi, yau ba ya gani, a dawo jibi. Ba ya jin kunyar faɗa kuma. Safiyatu kan ɗaure masa dunƙulen fura a leda idan zai yi nisa. A tashar Gumel, idan ƙamshin sabon burodi ya taso, sai ya sauya gefen da yake zaune. A biki kuwa, idan farantin alkaki ya iso gabansa, yakan riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ake bukata kafin ya miƙa gaba.

Wani abu ɗaya ya tsaya masa. Ya ce wa arɗo, ilimin da ke cikin kai ɗaya, kan da fanke ke iya rufewa, ba ajiya ba ne. Bai iya rubutu ba, kuma bai yarda takarda za ta fi gara ƙarfi ba. Sai ya koma ga aguwa, itacen nan mai farin ruwa da akuya ba ta ci, wanda idan aka yanki reshe aka soka a ƙasa da bazara yake kamawa. Ya fara bin iyakokin ɗaya bayan ɗaya. A kowace kusurwa ya kira masu gonakin biyu, su tsaya su gani, ya soka reshe uku. A burtali kuwa layi biyu, hagu da dama, manomi da makiyayi suna kallo. Bazara uku yana wannan. Wanda ya bi hanyar Gagarawa yanzu zai ga su, sun kai ƙugu, jere a inda babu dalilin da zai sa itace ya yi layi.

Saura yanki ɗaya, inda burtalin ya yi kwana a bayan wani busasshen tafki kafin ya miƙe zuwa Maigatari. Nan ne ya fi rikici, don gonaki sun ci gefe da gefe tun da daɗewa, kuma shi kaɗai ya san ta inda kwanar take. An sa ranar Asabar. Ya yanko rassan da kansa, dami biyu, ya jingine su a inuwar rumbu don ruwansu ya tsane. Ranar Laraba zazzaɓi ya kama shi. Ranar Asabar ɗin da hantsi, mai babur ya iso ƙofar gida ya tarar ana shimfiɗa tabarmin zaman makoki.

Arɗo da manoman sun fita wurin sau biyu tun daga nan, sun tsaya a bakin tafkin, kowa ya nuna inda yake zato, sun koma. Damin nan biyu kuwa ba wanda ya taɓa su. Ruwan farko ya same su a jingine, suka yi saiwa a nan gindin rumbun, suka fitar da ganye. An ce wa Safiyatu a cire su kada su tsaga ginin. Ta ce a bari tukuna, ba nan ne wurinsu ba, amma ba ta san inda za ta ce a kai su ba.